Kik Ya Yi Ƙara, Inji Bai Juya Ba

Kai mai karatu, ko kana da mota taka ta kanka, ko kana tuƙa ta wani, ko kuwa kai yaron mota ne mai koyon aiki, lalle wata rana za ka gamu da wannan abu. Za ka shiga mota, ka murɗa makulli, maimakon inji ya juya sai ka ji ƙas! Ka sake murɗawa, ka ji ƙas, shi ke nan. In a ƙofar gidanka ne abin da sauƙi. Amma tana yiwuwa ya same ka tsakiyar daji da almuru, ko ka ɗauko majiyyaci za ka kai shi asibiti, ko ka yi lodin tumatir wanda in ya kwana biyu bisa hanya sai zubarwa.

Mutane da yawa in sun ji wannan ƙara sai su ce kik ya mutu, su tafi su sayo sabo da kuɗi masu yawa, a ɗaura, amma ciwon na nan inda ya ke. Dalili kuwa, sau da yawa laifin ba na kik ba ne, na batir ne, ko na wata waya da ta yi tsatsa, wadda da za a kankare ta da minti 10 ya isa. Saboda haka a wannan darasi za mu gaya maka yadda kik ke aiki, da ma'anar ƙarar nan, da yadda za ka bi sawun ciwon daki daki har ka kama shi.

Yadda a ke ta da mota a da

Injin mota ba ya iya tashi don kansa, sai an juya shi tukuna ya shaƙi iska da mai, ya matse su, wuta ta kama, sa'an nan ya ci gaba da gudu shi kaɗai. A zamanin farko da hannu a ke wannan juyi. Direba ya kan zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaban mota, ya yi ta wana shi da iyakar ƙarfinsa. Aikin nan da wuya, ga shi kuma da hatsari, gama wani lokaci inji ya kan juyo da baya farat ɗaya, ƙarfen ya make mai wanawa. Mutane da yawa sun karye a hannu ta haka.

Tun a shekarar 1800 wani masani na ƙasar Italiya, sunansa Volta, ya ƙago batir na farko. Daga sunansa aka samo sunan ma'aunin ƙarfin lantarki, mu kuwa da ya ke babu harafin V a bakinmu sai mu ce bolt. A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya yi batir na dalma da asid, wanda in wutarsa ta ƙare a kan sake cika shi, irinsa ne kuwa ke cikin motoci har yau. Sa'an nan wani mutumin Amurka, Charles Kettering, ya shirya ɗan inji mai aiki da batir don ya riƙa juya babban inji, aka fara sa shi cikin motocin Cadillac na 1912. Wannan ɗan inji shi ne sitata, wanda makanikai ke kira kik. Motocin da batir mai bolt 6 a ke sa musu, amma tsakanin 1953 da 1956 manyan kamfanonin Amurka suka koma mai bolt 12, shi ne kuwa na ƙananan motoci yanzu. Manyan motocin kaya su kan haɗa batir biyu su sami bolt 24.

Abin da ke faruwa in ka murɗa makulli

Abubuwa huɗu ke haɗa hannu kafin inji ya juya. Ka san su da sunansu.

Na fari batir, shi ne rumbun wuta. Cikinsa ɗakuna 6 ne, kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da 'yan kai. Yana da kawuna biyu na dalma, ɗaya da alamar +, ɗaya da alamar −.

Na biyu wayoyi masu kauri guda biyu. Ja tana tashi daga kan + ta tafi wurin kik. Baƙa tana tashi daga kan − a ɗaure ta jikin mota da jikin inji. Ka lura da wannan ƙwarai, gama wutar lantarki ba ta aiki sai ta sami hanyar zuwa da hanyar komowa. Ta jar waya ta ke zuwa, ta ƙarfen inji da baƙar waya ta ke komowa. In ɗaya daga cikin hanyoyin nan ta toshe, daidai ne da a ce duka sun toshe.

Na uku salanoid, wani ɗan gwangwani ne bisa bayan kik. Cikinsa akwai naɗin siririyar waya, da wani guntun ƙarfe a tsakiya. In wuta ta bi naɗin nan sai ya zama maganaɗisu, ya fizgi ƙarfen. Fizgar nan tana aiki biyu a lokaci guda. Tana tura wata 'yar giya, wadda makanikai ke kira bendis, haƙoranta su shiga haƙoran babban faifan da ke bayan inji, watau filaiwil. Tana kuma danna wani faifan jan ƙarfe bisa ƙusoshi biyu, babbar wuta ta sami gadar ƙetarawa. Sunan bendis kuwa daga Vincent Bendix ya samo asali, wani mutumin Amurka wanda ya ƙago irin wannan giya wajen 1914.

Na huɗu kik ɗin kansa. In babbar wuta ta shige shi sai ya juya da ƙarfi, bendis mai haƙora 9 ko 10 ya ja filaiwil mai haƙora fiye da 100, inji ya juya kamar sau 200 a minti, har ya kama. Motar da a ke danna maɓalli maimakon murɗa makulli, ita ma haka aikinta ya ke.

Yanzu ga asirin abin. Ka ɗauki misalin mai lambu. Ruwan da ke cikin moɗa ya isa ya jiƙa maƙogwaron yaron da ke buɗe bakin kwari, amma ba ya isa ban ruwan fadama. To, salanoid shi ne yaron, wuta kaɗan ta ishe shi. Kik kuwa shi ne fadamar. Yawan wutar da ke gudu cikin waya da amfa a ke auna shi. Fitilar gaba guda tana shan kamar amfa 5, amma kik na ƙaramar mota mai fetur ya kan sha amfa 100 zuwa 200, na mai dizal ya fi haka. Saboda haka batir na iya kunna rediyo da fitila, ya kuma motsa salanoid, amma ya kasa juya kik. Ƙas ɗin nan da ka ke ji, motsin salanoid ne. Watau yaro ya buɗe bakin kwari, ruwa ne bai iso ba, ko kuwa ya iso ya tarar da abin da ya tare shi.

Ka kasa kunne

Ƙarar iri biyu ce, kowace kuwa da abin da ta ke nufi.

In ka ji ƙas-ƙas-ƙas-ƙas da sauri, kamar ana kaɗa tsinke jikin ƙwarya, wuta ce ta yi kaɗan. Ga yadda abin ke faruwa. Salanoid ya haɗa gada, kik ya zuƙe 'yar wutar da ke akwai, salanoid ya rasa abin riƙewa ya saki. Da sakinsa wuta ta ɗan farfaɗo, ya sake kamawa, ya sake saki, haka haka. Wannan kusan kullum laifin batir ne, ko kawunansa, ko wayoyi.

In kuwa ƙas guda ɗaya ka ji mai ƙarfi, sa'an nan shiru, to, zargi ya rabu uku: ko hanyar wuta ta toshe, ko kik da salanoid sun lalace, ko inji ne kansa ya ƙi juyuwa.

Akwai kuma wata 'yar siririyar ƙara da kan fito daga akwatin fis, ba daga jikin inji ba. Wannan ƙarar rile ce, wani ɗan makunni wanda ke aika wa salanoid wuta. In ita kaɗai ka ji, saƙon bai kai ga salanoid ba ke nan, sai a duba fis, da rilen, da siririyar wayar da ke shiga salanoid. Domin ka rarrabe, sa wani ya murɗa makulli, kai kuwa ka buɗe bonet ka saurara.

Kada ka yi ta murɗa makulli ba ji ba gani. In kik bai juya ba, wutar da ke shigarsa zafi ta ke zama, tana iya ƙone naɗin cikinsa. Ko yana juyawa ma, kada ka riƙe makulli fiye da sakan 10, ka bar shi ya huta kamar minti guda kafin ka sake.

Kafin ka taɓa kome

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ka kiyaye waɗannan dokoki, gama batir ba abin wasa ba ne.

Ja hambirki, ka sa giya a firi, in otomatik ce a P, ka sa waigi ko dutse ƙarƙashin taya. Kashe makulli ka zare shi.

Cire zobe da agogon ƙarfe, ka naɗe hannun rigarka. In zobe ko sifana ya haɗa kan + da jikin mota, wutar da za ta bi ta kansa ta isa ta mai da shi ja wur nan take.

Kada ka sha taba ko ka ƙyasta ashana kusa da batir. Yana fid da wata iska wadda ba a gani, mai kama wuta ƙwarai, tartsatsi guda ya isa ya fasa batir a fuskar mutum.

Ruwan cikinsa asid ne, yana cin tufa da fata, yana makantarwa. In ya fallatsar maka a ido, yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15 ko fi, sa'an nan a kai ka asibiti ba da jinkiri ba.

In za ka kwance batir, fara cire waya mai alamar −. In za ka mayar, ita ce ta ƙarshe. Dalili, muddin an cire ta, ko sifana ya taɓa jikin mota sa'ad da ka ke kwance kan +, ba abin da zai faru.

Gwajin fitila

Wannan gwaji ba ya bukatar kayan aiki. Kunna fitilar rufin cikin mota, ko fitilun gaba, ka murɗa makulli kana duban haskensu. Fitilar ciki ta fi, domin waɗansu motoci su kan ɗauke wa fitilun gaba wuta da gangan lokacin tayarwa.

In tun kafin ka murɗa hasken ja ne, ba ƙarfi, batir ya sauka.

In hasken na da kyau, amma da ka murɗa sai ya dusashe ko ya ɗauke gaba ɗaya, to, ko batir ya tsufa ba ya ɗaukar nauyi, ko kawunansa ba su kama da kyau ba, ko kuwa kik na jan wuta amma wani abu ya riƙe shi.

In hasken bai ko girgiza ba, wuta na nan, kik ne bai sha ba. Sai ka mai da hankalinka ga jar waya, da salanoid, da kik.

Kawunan batir da wayoyi

Kullum ka fara da abin da ya fi arha, ya fi kuma sauƙin gani. Buɗe bonet ka dubi kawunan batir. Kama kowane maɗauri ka gwada juya shi da hannu. In ya motsa, ka kama ɓarawo guda. Duba kuma ko akwai wani gari fari ko kore da ya taru a kansu kamar gishiri. Garin nan ba ya barin wuta ta wuce sosai, kuma mafi muninsa shi ne wanda ya ɓuya tsakanin kan batir da maɗaurinsa, inda ido ba ya gani.

Ga wata dabara. Bayan ka murɗa makulli sau biyu ko uku, taɓa kawunan da mahaɗan wayoyin da bayan yatsa, a hankali. Wurin da ka ji ya yi zafi, nan ne wuta ke shan wahalar wucewa.

Yadda za ka wanke su kuwa, kwance baƙar waya, sa'an nan ja. Jiƙa kanwa ko bakin soda cikin ruwan ɗumi, ka wanke garin da shi, za ka ga yana kumfa, watau yana kashe asid ke nan. Amma ka yi hattara kada ko ɗigo ya shiga cikin ɗakunan batir, gama zai kashe asid na ciki, batir ya lalace. Ɗauraye da ruwa, ka goge da tsumma. Sa'an nan ka sa samfefa ko buroshin ƙarfe ka kankare kan batir da cikin maɗauri, har dalma ta yi haske. Mai da jar waya, sa'an nan baƙa, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris bisa don ya hana garin komowa. Kada ka buga maɗauri da dutse, ko ka cusa ƙusa don ya kama, gama haka kan tsaga bakin batir, asid ya riƙa tsattsafowa, garin ya daɗa yawa.

Daga nan bi baƙar waya da hannu har inda aka ɗaure ta jikin mota, da inda aka ɗaure ta jikin inji. Nan ne mutane suka fi mantawa. Tsatsa da laka su kan shiga ƙarƙashin notin, wani lokaci kuma zaren wayar ya kan tsintsinke cikin roba. In kana da wayar jona batir, kama baki ɗaya a kan − na batir, ɗayan kuwa ka maƙala shi ga tsiraran ƙarfen inji, ka murɗa makulli. In ta tashi, ka tabbata laifin baƙar waya ne. Haka kuma za ka bi jar waya har bayan salanoid ka ga ko notinta ya kwance, amma kada ka sa sifana wurin sai ka cire baƙar waya daga batir.

Awon batir

In kawuna da wayoyi lafiya, sai a auna batir. Akwai 'yar mita ta awon lantarki, ba ta da tsada, ya kamata kowane direba ya aje guda. Juya ta wajen bolt 20 na wutar batir, ka ɗora jan tsinke kan +, baƙi kan −, mota tana kashe. In ka ga 12.6, batir a cike ya ke. In 12.4, ya ragu da kamar rubu'i. In 12.2, rabi ya rage. In 12 ko ƙasa da haka, ya sauka ƙwarai, sai caji.

Amma wannan awo bai isa ba, domin tsohon batir kamar doki ne mai kyaun gani a turke, sai an ɗaura masa sirdi a ke sanin halinsa. Bar tsinken mita a kansa, wani ya murɗa makulli. Batir mai lafiya ba ya sauka ƙasa da bolt 9.6. In an caje shi sosai, amma duk da haka ya faɗi zuwa 7 ko 6, alhali inji da kik ba su ƙame ba, kwanansa ya ƙare.

Kada ka tsaya nan, ka tambayi kanka abin da ya sa ya sauka. Ko an bar fitila a kunne ta kwana? Ko mota ta yi makonni a ajiye? Ko kuwa altaneta, watau injin da ke mayar masa da wuta in ana tafiya, ya daina aiki? In mota ta tashi, sake aunawa inji na gudu. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. In ba ka ga ya haura 13 ba, ba a cika batir, sai a duba fambel da altaneta. Wanda ya sayi sabon batir bai gyara wannan ba, kamar mai zuba ruwa ne cikin tulu mai huda.

In laifin kik ne

In batir cike ya ke, wayoyi tsab, fitila ba ta dusashe ba, ga kuma ƙas guda ɗaya, to, yanzu ne ya halatta a tuhumci kik. Abu biyu suka fi lalacewa cikinsa.

Na ɗaya, faifan jan ƙarfen nan na cikin salanoid da ƙusoshinsa biyu. Duk lokacin da suka haɗu sai sun yi tartsatsi, shekara da shekaru har su ƙone, su yi ramuka. Alamarsa, mota ta kan ƙi tashi sau uku ko huɗu, ana biyar ta tashi garau kamar ba ita ba.

Na biyu, buroshi, wanda waɗansu ke ce wa gawayi. Waɗansu 'yan guntaye ne masu goga jikin abin da ke juyawa cikin kik, ta kansu wuta ke shiga. Gugar yau da gobe ta kan cinye su, har su daina taɓawa sosai. Don haka ne direbobi kan ƙwanƙwasa jikin kik yayin da wani ke murɗa makulli, girgizar ta sa buroshi ya taɓa, mota ta tashi. In za ka yi haka, yi da ƙotar guduma ta itace, sannu sannu, gama yawancin kik na yanzu akwai maganaɗisu cikinsu mai fashewa kamar kasko. Ka kuma sani wannan ba magani ba ne, aron lokaci ne kawai. In ta tashi da ƙwanƙwasa, nufi wurin mai gyara ran nan.

Kik mai irin wannan ciwo ba lalle ne a yar da shi ba. Mai gyaran wayarin mota yana iya kwance shi, ya sake buroshi ko faifan salanoid, ya wanke ƙura, ya gwada shi da batir a gabanka, kuɗin kuwa bai kai na sabo ba. In naɗin ciki ne ya ƙone, za ka ji ƙauri, ka ga ya yi baƙi, sa'an nan ne a ke maganar saye.

Za ka ga waɗansu suna haɗa ƙusoshin salanoid da sukudireba don su ta da mota. Kada ka kwaikwaye su. In mota na cikin giya, za ta zabura ta bi ta kan wanda ke gabanta ko ƙarƙashinta, ban da tartsatsin da ke tashi kusa da fetur.

In inji ne ya ƙame

Wannan shi ne mafi tsanani, ko da ya ke ba shi ya fi aukuwa ba. Alamarsa ƙas mai nauyi, fitila ta dusashe, wayoyi su ɗau zafi, alhali batir lafiyayye ne. Tuna abin da ya faru kafin mota ta mutu. Ta yi zafi har ta tafasa? Fitilar mai ta kama ja? Zaro ma'aunin baƙin mai ka gani, in ya bushe, watakila ƙarfe ya ci ƙarfe, inji ya buga. Ko kuwa da damina ka ratsa ruwa mai zurfi ta mutu a ciki? In inji ya shaƙi ruwa, fistin ba ya iya matse shi kamar yadda ya ke matse iska. In ka tilasta masa da kik ko da turi, sandunan fistin za su lanƙwashe, gyaran ɗan kuɗi ya koma na dukiya.

Yadda a ke ganewa, a kashe makulli, a sa giya a firi, a kama babban notin fulin da ke ƙasan gaban inji da dogon sifana, a gwada juyawa. In ya juya, inji lafiya. In ya kafe, aje sifana, ka nemi makanike, a jawo motar.

Yadda za ka fita daga hanya

In ka tabbata batir ne ya sauka, ba inji ba, dabara biyu ce.

Ta fari jona batir da na wata mota mai bolt daidai da taka. Kada a jona mai 24 da mai 12. Motocin kada su taɓa juna. Ga jerin yadda a ke kamawa, kada ka sāɓa: jar waya a kan + na mataccen batir, ɗaya bakinta a kan + na mai rai, baƙar waya a kan − na mai rai, ɗaya bakinta kuwa a jikin ƙarfen injin motarka, nesa da batir, domin tartsatsin ƙarshe ya tashi can. A ta da mota mai rai ta yi gudu minti 5, sa'an nan ka murɗa taka. In ta tashi, cire wayoyin daga na ƙarshe zuwa na fari. Dubi alamun + da − da idonka sau biyu, gama in ka juya su, kayan lantarkin motocin biyu na iya ƙonewa. Batir da ya fashe ko ya kumbura ba a jona shi.

Ta biyu turi, amma sai mota mai giyar hannu, otomatik ba ta tashi da turi. Buɗe makulli, ka taka kuloci, ka sa giya ta 2. In masu turi sun kai gudun sassarfa, saki kuloci, da ta kama kuwa ka sake taka shi, ka ba ta ɗan totur. Ka tuna, muddin inji bai tashi ba birki da sitiyari sun fi tauri, saboda haka kada ka yi wannan bisa gangare mai tsanani, ko inda yara ke wasa. In batir ya mutu murus, motocin yanzu ba su tashi ko da turi, domin famfon mai da na'urar da ke sarrafa inji duka wuta su ke bukata.

Rigakafi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Zafin ƙasarmu yana rage kwanan batir, sau da yawa ba ya wuce shekara 2 ko 3. Zafin bazara ke cinye shi a ɓoye, sanyin asubar hunturu kuwa ya tona asirinsa, domin sanyi na rage ƙarfin batir, yana kuma sa baƙin mai ya yi kauri. Saboda haka kowane wata ka duba kawunansa, ka ga ko yana ɗaure daram a mazauninsa, gama girgizar hanya mai gargada tana karya farantan cikinsa. In mai murafu ne, buɗe ka duba, in ruwa ya sauka ƙasa da farantai ka ƙara tataccen ruwan da a ke sayarwa don batir. Kada ka zuba ruwan rijiya, kada ka ƙara asid. In ka ji kik ya fara juyi da ƙyar kamar mai jin barci, gargaɗi ne ya ke maka, kada ka jira sai ya bar ka a daji. Ka aje sifana mai lamba 10, da samfefa, da wayar jona batir, da tocila cikin mota kullum. Allah ya kiyaye hanya, amin.

Tambayoyi

1. Don me batir ke iya kunna fitila amma ya kasa juya kik?
2. Mene ne bambancin ƙas guda ɗaya da ƙas-ƙas-ƙas?
3. Wace waya a ke fara cirewa in za a kwance batir, don me kuma?
4. Bolt nawa mita za ta nuna in batir ya cika? Nawa kuma in inji na gudu?
5. In mota ta mutu cikin ruwa, me ya sa ba a tura ta don ta tashi?
6. Faɗi jerin yadda a ke jona batir biyu, daga na fari har na ƙarshe.